Hutu a Bakin Teku: Abin da Ya Halatta ga Ɗan Adar da Abin da Ke Kansa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Manzonsa da iyalan gidansa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa masu bibiyar wannan zaure, maza da mata, na cikin garin Tawa da na ƙauyukan Adar, da waɗanda ke karanta mu daga Abijan da Lome da Kwatano da Akra, maganarmu ta yau a kan hutu ce, musamman irin hutun da ake zuwa yi a bakin teku ko a tsibiri, inda mutum zai ajiye aiki ya sha iska, ya zaga ya ga wurare.

Mai yiwuwa ka ce: me ya haɗa ɗan Adar da teku, alhali tsakaninmu da gaɓa mafi kusa akwai sama da kilomita 1,000 a hanyar mota? Dubi unguwarku za ka ga amsa. Da wuya a sami gidan da ba shi da wani a kurmi. Da an gama girbi samari su kama hanyar biɗa, wasu su komo kafin faɗuwar damina, wasu sai bayan shekaru. Albasar Galmi tana sauka kasuwannin Abijan da Akra. Ƴan kasuwarmu suna jiran kaya a tashar jiragen ruwa ta Lome. Yanzu kuma waya ta kawo tekun har cikin ɗakunanmu: kana zaune cikin zafin watan Afrilu, sai ga hoton abokin tasowarka a gindin bishiyar kwakwa, ruwa shuɗi a bayansa. Daga nan tambayoyi suka fara yawa a bakin masallaci. Wasu na cewa wannan al'adar Turawa ce, haramun ce ɗungurungum. Wasu kuma suna ɗauka cewa da zarar mutum ya tsallake iyaka, hukunce-hukuncen da ya sani a gida sun sassauta.

Ra'ayina shi ne duka ɓangarorin biyu sun kauce. Hutu a bakin teku halal ne a asalinsa, yana ma iya zama alheri ga mutumin da ya ƙarar da ƙarfinsa wajen neman halal. Sai dai ana yin sa ne da abin da ya rage bayan an sauke haƙƙoƙi, kuma duk wajibin da ke kanka a Tawa yana kanka a gaɓar teku. Bari mu bi maganar daki-daki.

Mu fara da masu haramtawa. Malamai sun kafa ƙa'ida cewa al'amuran rayuwa na yau da kullum halal ne har sai dalili ya zo da hani. Ina dalilin da ya hana kallon teku? Abin da muke samu akasin haka ne. A Suratun Nahli, aya ta 14, Allah ya lissafa teku cikin ni'imominsa a kanmu, ya ambaci kifin da muke ci daga cikinta, da kayan adon da ake fitarwa, da jiragen da ke keta ta. A Suratul Ankabut, aya ta 20, an umarce mu da tafiya a bayan ƙasa don mu duba yadda aka fari halitta. Game da hutawa kuwa, ka san labarin Salmanul Farisi da Abud Darda'i, Allah ya yarda da su, wanda Buhari ya ruwaito. Salmanu ya tarar da ɗan'uwansa ya duƙufa ga azumi da tsayuwar dare har ya yi sakaci da iyalinsa, sai ya tunatar da shi cewa Ubangijinsa na da haƙƙi a kansa, ransa ma na da haƙƙi, iyalinsa ma haka. Da maganar ta kai ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya gaskata Salmanu. To idan ibada kanta ba a yarda ta cinye haƙƙin jiki ba, ina ga sayar da shayi ko tura baro?

Ka yi tunanin ɗan biɗa da ya shekara goma sha biyar a Abijan, yana fita kafin asuba yana komowa bayan isha'i, bakwai cikin bakwai. Teku na nan kusa da shi, bai taɓa zama a gabanta na sa'a guda ba. Ranar da ya komo gida, ya komo da ciwon baya da hawan jini. Irin wannan bawan Allah idan ya ware yini guda ya je ya zauna a inuwa, ya ci gasasshen kifi, ya kalli igiyar ruwa yana tasbihi, wa zai ce ya yi laifi? Kai ma mai shago da ke riƙe da yaran ƙauyenku a can, ka sani suna da haƙƙin hutawa a kanka, domin an hana mu ɗora wa na ƙasa da mu abin da ya fi ƙarfinsu.

Batun cewa ganin ƙasashe al'adar Turawa ce, tarihi bai goyi bayansa ba. Ibnu Batuta, malami ne ɗan mazhabar Malikiyya kamar mu, ya bar garinsu Tanja a ƙasar Maroko a shekarar 1325. Wajen 1343 ya sauka a tsibiran Maldif da ke tekun Indiya, waɗannan da a yau ake tallarsu a matsayin ƙarshen wurin hutu, har ya riƙe muƙamin alƙali a can. Shi ne kuma a 1353 ya taso daga Gawo ya zo Takadda, wadda masana ke danganta kufanta da Azelik a jihar Agadas, arewa da mu. Ya ga yadda ake tara wuri a Maldif, ya zo ya tarar ana ciniki da shi a Mali da Gawo. Wurin nan da kakanninmu suka yi saye da sayarwa da shi a kasuwannin ƙasar Hausa, da yawansa daga can ya faro. Ashe dangantakarmu da tsibiran teku ta girmi hoton waya da ƙarnoni. Hausawa suka ce tafiya mabuɗin ilimi.

Wannan ke nan game da halacci. Yanzu sai sharaɗi na farko, wanda a ganina ya fi kowane nauyi a yanayinmu: da wane kuɗi za ka tafi?

Ɗan'uwa, kafin ka tambayi kuɗin mota ko na jirgi, tambayi rumbunka. Hatsin da ke ciki zai kai iyalinka wata nawa? Matarka da ka bari a ƙauyen Keita ko Buza ko Ilela, yaushe rabonka da aika mata? Yaranka na makaranta an biya musu abin da ake nema? Mahaifiyarka tana da maganinta? Ciyar da iyali wajibi ne, hutu kuwa halal ne kawai, kuma ba a gabatar da halal a kan wajibi. Abu Dawuda ya ruwaito hadisi mai ma'anar cewa tozarta waɗanda mutum ke ciyarwa ya ishe shi zunubi. Haka bashi: Buhari da Muslim sun ruwaito cewa jinkirin mai hali wajen biya zalunci ne. Wanda ya karɓi kuɗin hanya a hannun maƙwabcinsa shekara biyu da suka wuce, bai mayar ba, sannan ya saka hotonsa a otal, ya sani mai bashin ma yana da waya. Sai zakka, idan dukiyarka ta kai nisabi kuma shekara ta zagayo. Sai aikin hajji ga wanda ya sami iko bai taɓa zuwa ba: ta yaya za ka kashe abin da zai kusantar da kai Makka a kan yashin wata ƙasa, alhali rukuni na biyar yana jiranka?

Idan duk wannan ya kammala, abin da ya rage naka ne, ka huta da shi ba tare da jin nauyin kowa ba. Sai dai ka riƙe ma'aunin da ke Suratul Furƙan, aya ta 67, inda aka yabi bayin da ke tsayawa tsaka-tsaki wajen ciyarwa, ba almubazzaranci ba ƙwauro. Daidai ruwa daidai tsaki. Cin bashi don a je hutu kuwa, wannan sayen gajiya ne da sunan hutawa.

A nan akwai wata magana da ya kamata maza mu ji. A Adar, wa ya fi buƙatar hutu? Matar da ta riƙe gida wata takwas ko shekara biyu mijinta na kurmi, ita ce ɗebo ruwa, ita ce itace, ita ce daka, ita ce jinyar yara da surukai. Idan Allah ya hore maka, kada hutunka ya zama na kai da abokai kawai. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana yin ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya, ya tafi da wadda ta faɗo a kanta, kuma an ruwaito ya yi tseren gudu da Nana A'isha a cikin wata tafiya. Tafiya da iyali tana tsare mutum daga abubuwa da yawa da tafiya shi kaɗai ke buɗe masa ƙofarsu.

Sharaɗi na biyu shi ne salla. A nan ne jahilci ya fi yi wa matafiya illa, saboda haka bari mu tuna wa juna abin da ke cikin littattafan da muka tashi da su.

Ƙasaru sunna ce mai ƙarfi ga matafiyi. Sallolin azahar da la'asar da isha'i ake mayarwa raka'a biyu-biyu. Magariba da asuba suna nan yadda suke. Nisan da Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani ta ambata shi ne mil 48, abin da malamai ke ƙiyastawa da kilomita 80 ko sama da haka kaɗan. Ba ka fara ƙasaru sai ka wuce gidajen gari. Mai zuwa Ƙonni daga Tawa ya riga ya cika nisan, balle mai zuwa Lome.

Ga inda ake yawan kuskure: idan ka isa inda za ka, kuma ka yi niyyar zama kwana huɗu cikakku, wato gwargwadon salloli 20, hukuncin tafiya ya yanke tun daga lokacin. Wanda ya kama ɗaki na mako guda a bakin teku mazauni ne, zai cika sallarsa, kuma juma'a ta hau kansa idan akwai masallacin juma'a kusa. Haka idan matafiyi ya bi limami mazauni, cikawa zai yi tare da shi.

Akwai kuma abin da ya shafi manufar tafiyar. A Muhtasar na Shehu Halilu an keɓe mutum biyu daga wannan sunna: wanda ya fita don saɓo, da wanda ya fita don wargi tsantsa. Na farko ba shi da rangwamen ƙasaru, na biyu an karhanta masa. Ka ga fiƙihu da kansa yana tambayarka dalilin fitarka. Wanda ya fita don ya huta ya dawo da ƙarfin aiki da ibada, ko don ya faranta wa iyalinsa, ko ya sada zumunci da ƴan'uwa a zango, ko ya ga ayoyin Allah, ya gyara niyyarsa tun daga gida, ya kuma zauna da malaminsa kafin ya tashi ya bayyana masa yadda tafiyar take.

Haɗa salla biyu a lokaci guda rangwame ne ga mai tafiya a tudu. A mashhurin mazhaba ba a bai wa wanda ke cikin jirgin ruwa wannan ba. Idan lokaci ya riske ka a jirgin ruwa, ka fuskanci alƙibla, ka tsaya idan za ka iya, ka juya idan jirgin ya juya gwargwadon iko. Idan tsallakawar gajera ce, kamar ta mintoci kusan 20 daga Dakar zuwa tsibirin Gore, ka tsara ta yadda za ka yi sallarka a ƙasa.

Alƙibla ma tana son lura. Mu nan mun saba da gabas mai ɗan karkata arewa. A Lome da Kwatano da Abijan karkatar ta fi haka, kuma da yake teku na kudu, mai salla a gaɓa zai ga ruwan a hannunsa na dama. Wanda Allah ya kai shi Zanzibar kuwa, arewa zai fuskanta. A Maldif, arewa maso yamma. Kada ka dogara da sabo, ka tambayi mutanen gari ko ka duba masallacinsu.

Ruwan alwala ba uzuri ba ne a bakin teku. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa wani mutum ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da masu shiga teku da ɗan guzurin ruwan sha, ko za su iya alwala da ruwan teku. Amsar ta tabbatar da cewa ruwanta mai tsarkakewa ne, kuma abin da ya mutu na dabbobinta halal ne. Saboda haka gishirinsa ba ya hana alwala ko wanka, taimama ba ta inganta alhali ga ruwa a gabanka kana da ikon amfani da shi, kuma kifi da jatan lande da ƙaguwa duk halal ne a mazhabarmu ba tare da yanka ba. Abin da za ka bincika shi ne naman tudu, da kuma abin da aka zuba a miya, don wasu wuraren suna girki da giya. Masallatai kuwa ba su da wuyar samu: akwai su a Zangon Kwatano, da Zangon Lome, da Ajame a Abijan, da Nima a Akra, kuma a mafi yawansu za ka tarar da mai jin Hausa.

Sharaɗi na uku shi ne kunya. A nan masu haramtawa suna da hujjar da ba za a raina ba. Gaskiya ne, wurare da yawa a bakin teku, musamman ranakun Asabar da Lahadi, cike suke da tsiraici da giya da kiɗa. Wanda ya san zai je ya zauna a tsakiyar wannan, ba shi da abin fakewa. Al'aurar namiji daga cibiya zuwa gwiwa ce a tudu da cikin ruwa. Mace kuwa duk jikinta ban da fuska da tafuka, kuma tufar da ta jiƙe ta manne ba ta suturta ba. Umarnin runtse ido da ke Suratun Nur, aya ta 30 da ta 31, ya zo wa maza kafin mata. Teburin da ake shan giya a kai an hana mu zama a gare shi ko da ruwa muke sha.

Sai dai gaɓar teku doguwa ce, ba duka ta lalace ba. Akwai lokacin hantsi a ranakun aiki, da wurin ya zama na masunta masu jan koma. Akwai wuraren iyali. Akwai ƙasashen da Musulmi suka fi yawa: a Zanzibar za ka ji kiran salla daga ko'ina cikin tsohon gari, kuma a kudancin tsibirin akwai masallacin Kizimkazi mai ɗauke da rubutun shekarar 1107. A Maldif ba a sayar da giya a tsibiran da ƴan ƙasa ke zaune, a tsibiran otal-otal na baƙi ake samunta. Ashe zaɓi yana hannunka. Idan ka bincika ka ga inda za ka ba ka da yadda za ka tsare idonka da sallarka, to wannan wurin ya haramta gare ka, ka nemi wani.

Cikin kunya har da abin da kake sakawa a waya. Ba kowace ni'ima ake bajewa ba. Hoton da ka saka kana cin kifi a otal, yaron da bai karya ba a unguwarku zai gani. Saurayin da ke tunanin sayar da akuyar uwarsa ya kama hanyar Agadas zai gani, ya ɗauka haka rayuwar waje take kullum, don ba ka nuna masa ɗakin da kuke kwana ku takwas ba. Ka tambayi zuciyarka: godiya ce ta sa ka, ko son a gani?

Sharaɗi na huɗu shi ne tsare rai. Mu mutanen tudu ne, mafi yawanmu iyakar iyonmu tabkin damina. Tekun da ke gaɓar Benin da Togo da Gana da Kwaddebuwa tana da igiya mai ƙarfi, kuma akwai wani jan ruwa da ke komawa ciki, wanda kan ɗauke mutum ko da ruwan iya ƙugunsa yake. Ko gwanin iyo ba ya kokawa da shi gaba da gaba. Gefe yake bi, daura da gaɓa, har ya fita daga hanyarsa. Wanda bai iya ba, ya tsaya inda ruwa ke shafar ƙafa, ya riƙe hannun yaransa. Iya ruwa fid da kai. Kada ka shiga kwalekwalen da aka cika fiye da ƙima, kada ka ji kunyar neman rigar kariya. Jirgin Jola na ƙasar Senegal da ya kife a watan Satumba na 2002 ya ɗauki mutane ninkin abin da aka ƙayyade masa, sama da 1,800 suka rasu. Tawakkali ba ya hana ɗaure raƙumi, kuma Suratul Baƙara, aya ta 195, ta hana mu jefa kanmu ga halaka. Haka batun hanya: tun daga 2023 tafiya zuwa gaɓa ta ƙara wuya da tsada, wasu hanyoyin kuma ba su da tsaro. Hutu bai kai a sayar da rai dominsa ba. Ka tafi da takardunka cikakku, da katin rigakafin shawara, da gidan sauro, domin a kurmi zazzaɓin cizon sauro ba ya jiran damina.

To idan ka isa, me za ka kalla? A nan ne hutun mumini yake samun ƙarin daraja. Gaɓar Afirka ta Yamma cike take da wuraren da ke magana da mu kai tsaye. A Gana akwai ganuwar Elmina da Turawan Fotugal suka gina a 1482. A Gore akwai gidan bayi, kuma hukumar UNESCO ta sa tsibirin cikin kayan tarihin duniya tun 1978. A Gran Basam, kimanin kilomita 40 gabas da Abijan, akwai tsofaffin gine-ginen babban birnin farko na mulkin mallakar Faransa a ƙasar. A Wida, yamma da Kwatano, akwai hanyar da ake kora bayi daga gari zuwa ruwa, a ƙarshenta an gina wata ƙofa a 1995 don tunawa da waɗanda suka fita ba su komo ba.

Idan ka tsaya a wannan ƙofa, ka sani akwai Hausawa cikin waɗanda aka fitar ta wannan gaɓa. A farkon ƙarni na 19 an kai da yawansu jihar Bahiya ta ƙasar Barazil, inda suka shahara da ƙin bauta, aka rubuta yunƙurinsu na 1807 da 1809 da 1814. A watan Janairu na 1835, cikin kwanakin ƙarshe na Ramadan, Musulmin birnin Salbado, akasarinsu Yarbawa tare da wasu Hausawa, suka yi boren da aka fi sani. An sami takardu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe, wasunsu suna ajiye har yau. Mutanen nan an raba su da ƙasa da dangi da suna, amma suka riƙe salla da karatu a cikin ƙangi. Kai da ka zo da ƙafarka, da kuɗinka, da tikitin komawa a aljihu, wane uzuri gare ka na barin la'asar ta wuce? Ka kuma tuna cewa ba Turawa kaɗai suka ci wannan kasuwa ba. Akwai hannun ƴan ƙasa cikin kamawa da sayarwa. Ka yi wa waɗanda aka zalunta addu'a, ka duba ko akwai wanda kake danne wa haƙƙi a yau.

Ita kanta tekun wa'azi ce. A Suratul Ankabut, aya ta 65, an ba da misalin mutanen da ke tsarkake addu'a ga Allah idan suna cikin jirgi, da sun taka tudu sai su koma gidan jiya. Duk wanda ya taɓa jin ƙasa ta ɓace masa a ƙarƙashin ƙafa ya san gaskiyar wannan. Mutumin da ya girma yana auna ruwa da jarka, idan ya tsaya gaban ruwan da ba ya ganin ƙarshensa, kuma ba zai iya shan ko kurɓi guda ba, ya kamata ya komo yana ganin girman rijiyar ƙauyensu.

Saura masu cewa: a wannan hali na tsadar rayuwa, maganar hutu ta masu kuɗi ce. Akwai gaskiya a ciki, mafi yawanmu ba za mu ga Zanzibar ba, kuma babu abin da ya ragu a addininmu ko mutuncinmu saboda haka. Amma haƙƙin jiki bai keɓanta da mai fasfo ba. Allah ya ba Adar nata ruwan. Tabkin Tabalak yana kimanin kilomita 50 daga Tawa a kan hanyar Agadas, da masuntansa da lambunansa da tsuntsayen da ke sauka a lokacin sanyi; tun 2005 aka sa shi, tare da na Dan Dutsi, cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya. Akwai kwarin Keita, inda aikin farfaɗo da ƙasa da aka fara a 1984 ya mayar da itatuwa a kan fako, kuma mata ne suka ɗauki kaso mai yawa na duwatsun aikin a kansu. Idan hanya ta yi lafiya kuma hukuma ba ta hana ba, yini guda da iyali a irin waɗannan wurare, da tabarma da buta da ɗan abinci, hutu ne cikakke. Ka tuna kawai cewa Tabalak bai kai nisan ƙasaru ba, sallarka huɗu-huɗu ce. Ka kwashe ledarka idan za ka tashi, kada ka ɓata ruwan da mutane da dabbobi ke sha, kada ka shiga lambun wani ba da izini ba.

Saboda haka, ɗan'uwa, idan tafiya ta taso maka, zauna da kanka dare guda kafin ka biya kuɗin mota. Lissafa wanda ke binka, da abin da ka bar wa gida. Koyi hukuncin sallar matafiyi a wurin malami. Binciki wurin da za ka sauka. Nemi iznin iyayenka idan suna raye, ka yi sallama da maƙwabta, ka guji tashi ranar juma'a bayan rana ta karkata kafin ka sallace ta. Idan ka komo, ka zo wa yara da tsaraba da labarin abin da ka gani, ka kuma shigo sahu a masallacin unguwa kamar yadda ka saba. Ku kuma da kuka rage a gida, kada ku yi wa wanda ya tafi mummunan zato ba tare da hujja ba.

Allah ya tsare matafiyanmu a tudu da ruwa, ya komo da ƴan biɗa gidajensu lafiya da arzikin halal, ya saka wa matan da ke riƙe da gidaje da alheri, ya ba ƙasarmu zaman lafiya da damina mai albarka. Allah shi ne mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.